Tsumagiyar da Aka Miƙa wa Nomau

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake ɗebo wuta a maƙwabta cikin tsingaro. Sunansa Nomau, sana'arsa saƙar zana. Ku saurara, jama'a. Mai saƙar zana, jinkarsa ciyawa, shingensa ciyawa, tsakar gidansa tarin ciyawa. Babu abin da bawan Allahn nan yake tsoro kamar wuta.

Kullum sai ya tara 'ya'yansa ya koya musu. In an ɗebo garwashi, a rufe shi da toka. In wuta ta kama riga, kada a ruga, a kwanta a yi birgima. Sannan ya ce, "Wanda ya ga wuta ya yi ihu. Ko shi ya jawo ta, ya yi ihu. Na yi alkawari ba zan dake shi ba."

To, alkawari kaya ne, sai ranar ɗauka ake sanin nauyinsa.

Wata rana da hantsi, cikin bazara, iska na kaɗawa, matarsa ta aiki 'yarsu Tabawa ɗebo wuta, ita kuma ta tafi rijiya. Yarinya ta yi gaggawa, ba ta zuba toka ba. Iska ta fizgi garwashi ɗaya, ta jefa cikin ciyawa.

Nomau yana ƙofar gida sai ya ji muryar Tabawa, "Gobara! Baba, gobara! Ni ce! Ilu yana ɗaki!"

Ilu ƙaninta ne, jariri, yana barci. Kafin Nomau ya shigo, wuta ta hau jinka. Ya tsoma rigarsa a randa, ya lulluɓa, ya rarrafa ƙarƙashin hayaƙi. Ba ya ganin komai, lalube kawai yake yi. Ya dafa tabarma, babu. Ya sake dafawa, sai ga ƙafar yaro. Fitowarsa ke da wuya jinka ta rufta.

Maƙwabta suka yo ca, wasu da ƙasa, wasu da ruwa, aka yaye zana don a datse wa wutar hanya. Aka kashe ta, amma ɗaki ya tafi, ciyawar shekara ta tafi, rabin rumbu ya zama gawayi.

Nan fa jarrabawar ta zo. Yayansa Jatau ya karyo tsumagiya ya miƙa masa. "Ungo. Zane ta. Sakacinka ne ya lalata yaran nan."

Kada ku ce Nomau bai ji haushi ba. Wallahi ya ji. Hannunsa ya sale, zuciyarsa tana tafasa, ya karɓi tsumagiyar. Tabawa tana tsaye, ba ta gudu ba. Yaran unguwa sun yi cirko-cirko, kowa ya zuba ido ga hannunsa.

Sai Nomau ya ce, "Yaya, in na dake ta yau, gobe wane yaro zai yi ihu?"

Jatau ya ce, "Abincinka fa ta ƙone!"

"Da ta ɓuya don tsorona, da yanzu gawar Ilu muke tonowa."

Ya yar da tsumagiya, ya durƙusa gabanta. "Me kika manta?"

Ta ce, "Toka, Baba."

"To, gobe tare za mu je ɗebo wutar, in ga yadda za ki rufe ta."

Jama'a, yau gidajenmu ga ashana, ga tukunyar gas, ga fetur a jarka bayan ƙofa. Ku koya wa yara yadda ake zama da wuta, kuma ku bar musu ƙofar faɗin gaskiya a buɗe. Yaron da ya fi tsoron bulalarka a kan wuta, ranar da ta kama, ɓuya zai yi ya yi shiru, ƙaninsa yana ɗaki. Kowa ya koma gida yau ya tambayi kansa: in ɗana ne, ihu zai yi ko ɓuya? Allah Ya tsare mu da iyalanmu.