Sara Uku a Sarƙar Fito

An yi wani sarki a wani gari na bakin kogi, mai tsananin tsoron a sace masa kaya, har ya kafa doka cewa duk ƙarfen da ya zama na fada sai an yi masa sara uku, alamar mallakar sarki. Allah ya jiƙansa, ko cokali bai tsira ba.

Wata rana sarƙar fada da ke riƙe jirgin fito, wadda ita ma aka yi wa saran, ta tsinke a tsakiyar ruwa, da ƙyar aka ceto mutane. Sarki ya fusata, ya sa aka kamo Jatau, maƙerin da ya ƙera ta, ya yanke hukuncin a sare masa hannun dama, wai ya yi algus a ƙarfe.

Waziri Hayatu ya ɗauki zoben sarƙar da ya karye, ya daɗe yana duba bakin karayar, sannan ya faɗi gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ina neman alfarma a saurari shaidar ƙarfen kafin a taɓa hannun. Fiye da rabin bakin nan ya yi tsatsa, ɗan ragowar ne kawai sabuwar karaya. Wannan tsaga ta shekara tana tafiya."

Sarki ya ce, "Daga ina ta taso, Waziri?"

"Ranka ya daɗe, a bari fada ta gani da idonta."

Aka kawo sanduna biyu na ƙarfe iri ɗaya, aka yi wa guda sara, aka bar guda, dogarai suka yi ta lanƙwasa su suna miƙarwa. Ba a jima ba wata 'yar tsaga kamar gashi ta bayyana a gindin saran, tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, sai ji aka yi ɓas. Ɗayar kuwa ta gajiyar da dogarai har la'asar.

Waziri ya ce, "Haka ruwa ya yi wa sarƙa, ja da saki shekara da shekaru, kuma duk wahalar a gindin sara take taruwa. Saran nan, ranka ya daɗe, ba Jatau ya yi shi ba."

Kunya ta kama sarki, ya ce, "Ashe hannuna ya kamata a tuhuma."

Ya tashi da kansa ya kwance Jatau, ya soke dokar, ya naɗa shi Sarkin Maƙera, ya yafa wa Waziri alkyabba. Jatau ya fita yana kukan murna, jama'a na rububin gaisawa da shi.

Adalci shi ne mai mulki ya binciki umurninsa kafin ya hukunta talakansa.