Zakaran da Ya Koma Cin Farar Shinkafa

An yi wani Zakara a gidan wata mata mai suna Delu, a wani ƙauye da ake noman shinkafa. Jawur ne, gashinsa yana sheƙi kamar an shafa masa mai, sai dai girman kai ya yi masa yawa. Tare da shi a gidan akwai Zabuwa, wadda bakinta ba ya rufuwa, da wata tsohuwar Agwagwa mai tafiya a hankali, mai magana a hankali.

Kullum da safe su ukun sukan fita kiwo bayan gida. Su tsinci gero, su tsattsagi ɗanyen ganye, su tono gara da tsutsa. In Delu ta yi surfe kuma ta zuba musu dusa a kasko.

Katangar gidan ta haɗu da ta wani injin casar shinkafa. Wata rana Zakara ya ga rami a gindin katangar, ya kutsa. Sai ga shinkafa a zube a ƙasa, an cashe ta an goge ta, fara tas. Ya ci, ya ci, har ya kasa sunkuyawa. Sannan ya dawo yana taku ɗai-ɗai.

"Ina ka shiga tun ɗazu?" in ji Zabuwa. "Mun samu gidan gara, ga rabonka nan mun ajiye maka."

"Gara?" Zakara ya yatsina fuska. "Ni na bar cin abin da ke motsi. Daga yau abincina farar shinkafa, irin wadda ake dafa wa baƙi."

"Ranka ya daɗe, ashe mun yi babban mutum a gida ba mu sani ba," in ji Zabuwa. "Jiya fa da kai muka yi kokawa a kan fara guda ɗaya."

"Jiya daban, yau daban."

Agwagwa ta ɗago kai daga cikin kwatami ta ce, "Ɗana, ci shinkafarka, ba wanda ya hana ka. Amma ka riƙa haɗawa da wani abu. Ciki ba ya son abu ɗaya kullum."

"Iya, ke da bakinki ba ya fita daga taɓo, ke za ki koya mini cin abinci?"

Agwagwa ta mai da kanta cikin ruwa.

Haka aka yi ta tafiya. Safe shinkafa, rana shinkafa, yamma shinkafa. Mako na farko Zakara ya yi ta fahariya. Mako na biyu ya fara jin kasala, ya ce ai hutu ne irin na manya. A mako na huɗu ya yi tsalle zai hau katanga ya yi cara, sai ƙafafunsa suka harɗe, ya faɗo tim a cikin toka.

Zabuwa ta yi dariya har da birgima. "Wannan wace irin sauka ce? Ita ma ta manya ce?"

"Santsi ne," in ji Zakara.

"Santsi a cikin toka?"

Kwana biyu bayan haka abin ya wuce wasa. Zakara ya kasa tsayuwa sam. Wuyansa ya karkace baya, bakinsa yana duban sama kamar mai neman jinjirin wata. Delu ta fito da tsintsiya ta gan shi, ta kira mijinta Tanimu.

"Malam, dubi zakaran nan. Ba shi da lafiya."

Tanimu ya juya shi da hannu ya ce, "A ba shi zuwa Juma'a. In bai miƙe ba sai in yanka shi, kada ya zama mushe."

Ranar kuwa Litinin ce. Da suka shiga ɗaki, Zabuwa ta matso, wannan karon ba dariya. "Ka ji dai? Juma'a."

"Na ji," in ji Zakara, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Iya Agwagwa, sammu aka yi mini ko?"

"Ba wanda ya yi maka sammu," in ji Agwagwa. "Yunwa ce."

"Yunwa? Ni da cikina bai taɓa zama wayam ba?"

"Cikinka ya cika, jikinka bai ƙoshi ba. Ƙarfin ƙwayar hatsi yana jikin fatarta. Injin nan ya goge fatar ya watsar, ya bar maka farin kawai. Buɗe bakinka."

Ta turo kaskon dusa gabansa. Zakara ya kalli dusa, ya kalli ƙofar ɗakin Tanimu, ya buɗe baki.

Daga ranar suka sa shi gaba. Agwagwa tana ɗura masa jiƙaƙƙiyar dusa, Zabuwa tana ta zirga-zirga, ta kawo ganyen zogale, ta kawo gara, ta kawo tsutsa. Kowace tsutsa kuma sai ta ɗaga ta sama tukuna.

"Ranka ya daɗe, wannan fa tana motsi. In mayar?"

"Kawo nan."

Ranar Laraba wuyansa ya miƙe. Ranar Alhamis ya yi taku biyar ya zauna.

Ranar Juma'a da hantsi Tanimu ya fito yana wasa wuƙa a jikin dutse. Zakara ya dubi katanga, ya ga ta yi masa nisa. Sai ya hango turmin Delu a kife a tsakar gida. Ya tattara ɗan ƙarfinsa, ya yi tsalle, ya dafe. Wannan karon bai faɗo ba. Ya buɗe fukafukai ya yi cara. Muryar ta fito a shaƙe kamar ta ɗan tsako mai mura.

Tanimu ya tsaya yana kallonsa. "Delu, zakaranki ya ce shi ba yau ba."

"To tunda ka riga ka wasa wuƙar," in ji Delu, "ba ni nan in yanka kubewa."

Darasin wannan labari shi ne, cika ciki daban, gina jiki daban. Komai daɗin abinci, in shi kaɗai mutum yake ci kullum, jikinsa zai rasa wani abin da yake bukata. Yara, ku ci shinkafarku da tuwonku, amma ku haɗa da wake da ganye da kifi da 'ya'yan itatuwa. Kada kuma ku raina abinci don ba shi da kyan gani, ko ku raina mai ba ku shawara don bakinsa da taɓo.