Danuta a Kujerar Baƙo

Akwai wata mata a birnin Lublin mai suna Danuta, tana da gidan burodi. Duk unguwar babu wanda ya kai ta iya gasa kek ɗin Kirsimeti, kuma ta san da haka. Da watan biki ya kama, ba ta ganin kowa sai murhunta.

Mahaifinta Zygmunt yana ƙauye, tsufa ya fara cin tunaninsa. Yau ya manta inda ya ajiye hula, gobe ya manta sunan maƙwabci. Mahaifiyarta Jadwiga ta kira ta a waya.

"Danuta, ki zo bana. Har yanzu yana riƙe da sunanki. Baɗi kuwa ban sani ba."

"Mama, kin san halin watan nan. Mutane na jira na. Bari a gama biki, zan zo in daɗe."

"A teburin biki yake nemanki, ba bayan an kwashe kwanuka ba."

Ta aika da kek a mota, ita ba ta je ba. Bayan biki sai ga aikin aure, sai bikin Ista, sai wani abu. Uzuri dai ba ya ƙare wa mai nemansa. Shekara ta zagayo tana ta cewa gobe.

Ran jajibirin Kirsimeti na gaba ta rufe shago da rana, ta kama hanya. Ta isa daidai fitowar tauraron farko, iyali na shirin zama cin abinci.

Mahaifinta ne ya buɗe ƙofa, sanye da rigarsa ta zuwa coci. Ya dube ta da fara'a.

"Sannu da hanya, baiwar Allah. Shigo, sanyi zai kashe ki. Yau ba a mai da baƙo."

"Baba, ni ce fa."

Ya waiwaya ciki. "Jadwiga, mun yi baƙuwa."

A al'adarsu, a irin wannan rana kowane gida kan bar kujera ɗaya da faranti, ko wani matafiyi zai ƙwanƙwasa ƙofa. Nan ya zaunar da ita. Kujerar da ke damansa kuwa, wadda ta zauna a kai tun tana yarinya, ya hana kowa taɓawa.

"Ta 'yata ce," in ji shi. "Danuta. Aiki ya yi mata yawa, amma tana hanya."

Jadwiga ta sunkuyar da kai. Danuta ta kasa shan ko cokali ɗaya na miya.

Da aka zo raba siririn farin burodin da ake gutsura ana yi wa juna fatan alheri, ya miƙo mata nasa, ya riƙe hannunta.

"Allah ya kai ki gida lafiya. Kina da uba?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"To da kin ci ki tafi. Kada ki bar shi yana duban hanya, akwai ciwo."

Ya koma ya zauna, miyarsa na hucewa, idonsa na kan ƙofa.

Darasi: Aikin biki zai dawo baɗi, amma ba lallai ka tarar da naka yadda ka bar su ba. Ka je tun suna gane fuskarka. Ku tura wa duk wanda hidima ta hana shi leƙa gida.