Yadda Hanyar Dutse Ta So Ta Kada Nomau

Ku gyara zama. Wanda ya ce ƙarya nake, Nomau na nan da ransa a Gwadabawa, sai ya je ya tambaye shi, in yana da haƙarƙarin da zai ba da aro.

Nomau ɗan kokawa ne da bayansa bai taɓa sanin ƙasa ba. Sunansa ya yi nisa har aka gayyace shi wata ƙasa mai duwatsu, ya kara da zakaransu a wani gari da ke can saman tsauni. Sharaɗin shi ne ya shiga fili kafin la'asar, in ba haka ba a ce ya gudu. Ya tafi da mutum uku: yayarsa Tabawa, amininsa Sanda, da makaɗinsa Labbo.

To, mutumin naku ɗan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, tudun da ya sani bai wuce juji ba. Da safe ya cika cikinsa da fura yadda ya saba ranar karawa, ya haye kujerar baya ta mota ya harɗe, don a wurinmu nan ne mazaunin manya. Mota ta kama hawa, hanya na nannaɗewa kamar hanjin rago, ga rami a gefe ba a ganin ƙarshensa. Jiri ya ɗebi Nomau. Ya ja mayafi ya rufe fuska, abin ya ƙaru. Furar nan ta dawo ta gaishe da kowa. Aka tsaya, ya fito da rarrafe ya rungume wani dutse.

Ya ce, "Ku tafi ku ce na rasu. Ni da mota har abada."

Tabawa ta ce, "Tashi, ƙaton banza! Ni na goye ka, ko a bayana ba ka yi wannan abin kunya ba." Ta kwance bakin zanenta, inda ba a raba ta da busasshiyar citta da kanumfari, ta tura masa a baki, ta matsa masa lemun tsami a hanci. Ba ta bar shi ba sai da cikin ya lafa.

Ciki ya kwanta, aka ce ya koma kujerar gaba inda jiri ba ya yawa, amma Nomau ya rantse ba zai zauna gaba kamar yaron mota ba. Sanda ya raɗa masa cewa, "Kai, a ƙasar nan gaba ce kujerar sarakai. Tun ɗazu direba ke mamakin tawali'unka." Ƙarya ce tsagwaronta, amma nan take Nomau ya koma gaba yana hura hanci. Sanda ya sauke masa gilashi, ya nuna masa wata ƙololuwar tsauni can nesa ya ce ya kafa mata ido kamar abokin karawa, kada ya kuskura ya dubi rami.

Saura kwane-kwanen hanya, masu fizgar mutum ba sallama. Labbo ya ɗora ganga a cinya ya zura wa hanya ido. In za a karya hagu ya buga wani kiɗa, in dama ya buga wani, yana yi yana kirari. Jikin ɗan kokawa kuwa ganga yake ji kafin hankali, sai ga Nomau yana kwantawa tare da mota kamar an haife shi a cikinta.

Suka isa ana shirin cewa ya gudu. Zakaran garin ya cafke shi, ya juya shi hagu, ya juya shi dama. Nomau ya yi dariya ya ce, "Ɗan'uwa, hanyarku ta fi ka iyawa." Ya sunkuce shi ya shimfiɗa a ƙasa. Tsauni ya ɗauki ihu, har waɗanda aka kayar wa gwani suna tafi.

Aka yafa masa wani bargon gashin tumaki, saƙar hannu, wanda ba a bai wa kowa sai gwani. Nomau ya ce ba nasa ba ne, na wanda ya kawo shi fili ne, kuma ba za a sa masa almakashi ba. Ba don Tabawa ba, da bai saki dutsen nan ba. Ba don Sanda ba, da ya koma baya jiri ya sake kwashe shi. Ba don Labbo ba, da ya iso kamar jiƙaƙƙen tsumma.

To, jama'a, ni dai na kai ku saman tsauni lafiya. Tsakanin mai citta, mai ƙarya da mai ganga, wa za a yafa wa bargon nan?