Ciyawar da ke Gindin Randa

Akwai wani mutum da ke zaune a wani ƙauye bisa tudu, ƙasa mai sanyi da ƙarancin ruwa, inda in damina ta ɗauke sai an ƙara wa guga igiya. A ƙofar gidansa akwai ɗan fili shimfiɗe da ciyawar kiri-kiri. Matarsa ce ta dasa ta. Daga gidan ubanta ta tsigo ta da saiwa, ta ƙullo a bakin zane, ta yi ta renonta har ta rufe filin kamar tabarma. A kanta 'ya'yansu suka koyi rarrafe.

Da ciwon ajali ya kama matar, sai ta ce masa, "Maigida, ba ni da gadon da zan bari sai ciyawar nan. Kada ka bar ta ta mutu. Ina so jikokinmu su zauna a kanta." Ya ɗauki alkawari. Ana cikin kaka ta yi barci cikin Ubangiji.

To, mutumin nan bai taɓa lura da yadda matarsa ke ba ciyawar ruwa ba. Abin da ya sani shi ne yadda ake yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin shara. Haka kuwa ya yi. Kowace safiya, daidai lokacin da mutane ke wucewa rijiya, sai ya fito da ƙwarya, ya tsoma hannu, ya yi ta watsawa. Ciyawa ta yi shar, tana ƙyalli.

Matan zumunta na coci in sun zo wucewa sai su dafa ƙirji, su ce, "Wayyo, Baba, dubi ƙauna! Ina ma mazajenmu za su zo su gani."

Shi kuma sai ya yi gyaran murya, ya sunkuyar da kai, ya ce, "A'a, ba ni ba ne, alherin Ubangiji ne." Sa'an nan ya ƙara tsoma hannu, ya watsa da ƙarfi don na baya ma su gani.

Yana da yaya, wata tsohuwa mai kaifin baki. Ran nan ta tsaya ta dogara sandarta, ta ce, "Auta, ciyawar nan shayar da ita kake yi, ko kwalliya kake yi mata?"

Ya ce, "Haba Yaya, ba ki ga yadda ta yi kore ba?"

Ta ce, "Na gani. Ni ma in na shafa man shanu fuskata takan yi sheƙi, amma tuwo ne ke riƙe da ni. Matarka tulu guda take juyewa a wuri ɗaya, ta bar shi ya nutse, gobe ta matsa gaba."

Ya ce, "In na yi haka, wancan gefen ya yi ja, me mutane za su ce?"

Ta ce, "Mutane ne suka ba ka amanar?"

Ya ci gaba da yayyafinsa.

A bayan madafa akwai tsohuwar randar matarsa, wadda ta tsage a gindi tana yoyo. Yakan cika ta domin ruwan sha, yana gunaguni wai randa ta fi shi shan ruwa. Ba mai leƙa wurin sai shi.

Da sanyi ya tsananta, ciwon haƙarƙari ya kwantar da shi, aka kai shi gidan yayar tasa jinya, ya daɗe. Ranar da ya iya miƙewa, ya lallaɓo gida tana biye da shi. Ya tarar da filin ya bushe ƙayau. Ya kai hannu ya ja, ciyawar ta biyo hannunsa ba gardama, saiwarta ba ta wuce tsawon farce ba. Tun da kullum a sama take samun ruwa, ba ta taɓa gangarawa nema ba.

Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Ya ce, "Yaya, na ci amana."

Tsohuwar ba ta ce "na gaya maka" ba, ko da yake maganar ta zo mata har bakin leɓe. Ta zaga bayan madafa ta ɗebo masa ruwan wanke fuska. Can sai ya ji muryarta: "Auta! Taso ka gani."

Randar ta ƙafe, amma ƙasar gindinta da sauran danshi. Ashe wani reshen ciyawar ya bi jikin bango ya zagayo, ya kafu a wurin, ga shi kore shar. Ya ja, ta ƙi tsiguwa. Ya sa fartanya ya tona, ya ga saiwa ta nutse fiye da kamu guda.

Daga nan ya ɗebi dashe. Ya ajiye ƙwarya, ya ɗauki tulu. Duk ranin nan filin ba kyan gani, matan zumunta suna wucewa suna raɗa, "Baba ya gaji, dama mun san ba za a daɗe ba." Shi dai ya ci gaba da juye tulunsa. Da ruwan farko ya sauka, ciyawa ta bazu ta rufe filin. A daminar nan jikarsa ta koyi rarrafe a kanta.

Ma'anar wannan misali ita ce: ciyawar nan bangaskiya ce, wadda iyayenmu suka ƙullo mana a bakin zane. Yayyafin ƙwarya kuwa ibadar da muke yi a ƙofar gida ce: mu ɗaga murya a waƙa in an juyo ana kallonmu, mu ja "Amin" har sai na kujerar baya ya ji. Tana sa mu sheƙi, amma ba ta kai saiwa. Randar ita ce addu'ar ɓoye da Maganar Allah da ke tsattsafowa cikin zuciya a hankali, inda ba mai cewa sannu.

'Yan'uwa, sanyi zai zo wa kowa, ko ciwo, ko rashi, ko ranar da ba ka iya fitowa da ƙwaryarka. Ranar ba abin da mutane suka yaba ne zai rage ba, sai abin da ya sha ruwa a ɓoye. In ka duba filinka yau ka ga ya bushe, kada ka fid da zuciya. Zaga bayan madafa. Ubangiji mai jinƙai yakan bar ɗan kore a gindin randa, wanda zai isa dashe.