Wayar da Gazali Ya Ɗaura a Katafilar Fakku

Akwai wani matashi a garin Tambuwal mai suna Gazali, wanda sana'arsa ita ce gyaran wutar mota. Allah ya ba shi hannu mai tsabta. Idan ya shirya wayoyi ya naɗe su, sai ka ɗauka daga kamfani suka fito haka.

Rumfarsa tana bakin titin Sakkwato, jikin ta abokinsa Mannir. Wurin ubangida ɗaya suka koyi aiki, kuma tare aka yaye su. Sai dai tun da kowa ya buɗe tasa rumfar, masu manyan motoci sun fi tsayawa wurin Mannir. Duk sanda wata babbar mota ta wuce ƙofar Gazali ta tsaya a ta maƙwabcinsa, sai ya bi ta da harara. Suna cin abinci a kwano ɗaya, suna dariya tare, amma a ransa tambaya ɗaya ce kullum: da me Mannir ya fi ni?

A tsakiyar lokacin sanyi, wani ɗan kwangila mai suna Alhaji Na'iya ya aiko a kira Mannir. Alhajin yana da katafiloli masu haƙa ƙasa, kuma ɗaya daga cikinsu tana Fakku, a ƙasar Kebbe, tana haƙa wa manoman albasa hanyar ruwa a fadama. Duk layin makanikai an san cewa yana neman mai gyaran wuta na dindindin, domin tsohon da ke yi masa aiki ya ajiye. Babu abin da Gazali yake so a duniya kamar wannan gurbi.

Da sassafe Mannir ya leƙa rumfarsa ya ce, "Mutumina, taso ka raka ni Fakku."

Gazali ya ce, "In raka ka in yi mi? In riƙe maka jaka?"

"Kai dai ba ka rabo da tsiya. Hau mashin mu tafi, aikin katafila ba na mutum guda ba ne."

Gazali ya hau, yana murmushin da bai kai ciki ba.

Sun iske katafilar tsaye a bakin fadama, Alhaji Na'iya da manoma sun kewaye ta. Direbanta, wani dattijo da ake kira Dogo, yana zaune gefe ya naɗe kansa da mayafi. Shi ya yi musu bayani. Fankar da ke hura iska mai ɗumi a ɗakin direba ta daina juyawa. Da safe, idan ya rufe ƙofa saboda sanyi, gilashi yana yin gumi daga ciki har ba ya ganin bakin cokalin da ke haƙa ƙasar.

Dogo ya ce, "Jiya saura kaɗan in kwashe wani bawan Allah da ya duƙa bakin rami. Ni kam ba ni tada ta sai rana ta ɗaga. In sun so su zage ni."

Wani manomi ya ce, "Baba Dogo, ba zagi ba ne. Dashenmu na jiran ruwa, kai kana jiran rana."

Mannir ya shiga ɗakin direba. Ya buɗe akwatin fis, wato ƴan ƙananan abubuwan da ke tsinkewa idan wuta ta yi yawa don kada waya ta ƙone. Fis ɗin fankar ya tsinke. Ya sa sabo, ya murɗa makunni. Aka ji wani gunji ƙasa-ƙasa daga bayan kujera, sannan sabon ma ya tsinke.

Ya fito da fitilar gwaji, ya bi waya daga akwatin har zuwa makunni, ya ga wuta tana isa lafiya. Sai ya sauko ya ce, "Alhaji, wuta tana zuwa. Injin fankar ne shika son juyawa, wani abu ya riƙe shi. Sai na cire kujera na buɗe murfin da ke bayanta. Kusoshin sun yi tsatsa, kuma sifanar da ta dace ba ta cikin jakata. Bari in je Kebbe in aro wurin wani abokina."

Alhaji ya ɓata fuska. "Wato yau ma mun rasa safiya ke nan?"

"Ka yi haƙuri, Alhaji. Gara a buɗe a gani."

Mannir ya tayar da mashin ya tafi. Manoma suka fara gunaguni, Alhaji yana ta duban rana.

Gazali ya san abin da Mannir ya faɗa gaskiya ne. Ubangidansu ya sha gaya musu cewa fis ba ya tsinkewa a banza. Amma ya dubi fuskar Alhaji, ya ga ƙofa ta buɗe masa. Ya ce a ransa: in fankar ta juya yanzu, aikin ya zama nawa, daga baya sai in buɗe in gyara yadda ya kamata, ba wanda zai sani.

Ya matsa ya rage murya. "Alhaji, Mannir ɗan'uwana ne, amma shina da jan aiki. Wanga abu bai kai a cire kujera ba."

"Kana iyawa?"

"In ka ba ni izini."

Ya shiga ciki, ya feɗe guntuwar waya, ya murɗa jan ƙarfenta ya cusa a gurbin fis. Ya kunna, sannan ya bubbuga murfin da ke bayan kujera da ƙotar sukurdireba. Fankar ta yi gunji, ta karta, ta kama juyawa. Iska mai ɗumi ta bugi gilashi, gumin ya fara washewa.

Manoma suka yi kabbara. Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ashe gwanin yana bayan mashin! Mi ne sunanka, yaro?"

Gazali ya faɗi sunansa, ransa fari fat. Tun da aka yaye su bai taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba.

Dogo ya hau ya rufe ƙofa ya fara haƙa. Bai yi nisa ba, abin da ya riƙe fankar ya sake riƙe ta. Wannan karon babu fis ɗin da zai tsinke. Wayar ta yi zafi, robarta ta narke, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Dogo ya banko ƙofa ya diro yana tari yana salati. Gazali ya ruga ya fizge kan batir, manoma suka watsa ƙasa a bayan kujera har hayaƙin ya mutu.

Allah ya tsare rai, amma wayar fankar ta narke tare da sauran wayoyin da aka naɗe su wuri ɗaya. Katafila ta ƙi tashi gaba ɗaya, cokalinta a nutse cikin rami.

A haka Mannir ya dawo ya same su. Ya leƙa akwatin fis, ya zaro jan ƙarfen da ya yi baƙi, ya dubi Gazali. Ya cire kujera ya buɗe murfin. Sheƙar ɓera ce cunkushe cikin fankar: ƙaiƙayin gero, tsumma da ɓawon gyaɗa. An ajiye katafilar kusa da masussuka tun lokacin kaka, Dogo kuma ba ya rabo da gyaɗa a ɗakin direba.

Dogo ya ce, "Au! Ashe da ni da su muka ci."

Babu wanda ya yi dariya sai mutum guda, shi ma ya yi shiru da ya ga fuskar Alhaji.

Mannir ya ce, "Alhaji, a bar shi ya sake wayoyin. Duk Tambuwal babu wanda ya kai shi iya shirya waya, har da ni."

Gazali ya durƙusa ya kama aiki, kansa a ƙasa. Ya yanke duk wadda ta ƙone, ya ja sababbi, ya naɗe su tsaf. Sai da la'asar ta yi sanyi katafila ta tashi, fanka tana juyawa ba ƙara, sabon fis yana gurbinsa. Ranar dai ta tafi, manoma suka watse ba su ga ruwa ba.

Alhaji Na'iya ya duba aikin, ya jinjina kai, sannan ya kira Gazali gefe.

"Ka san abin da ya sa abokinka ya zo da kai? Da na kira shi, na ce masa mutum biyu nika nema, guda ga injinan Kebbe, guda ga waɗanda za ni kai Jabo. Shi ya ce kada in nemi kowa, akwai ɗan'uwansa Gazali, zai kawo shi in gan shi da idona. To, na gan ka."



Mannir ya matso ya ce, "Alhaji, don Allah, kuskure ne."

"Kuskure shi ne abin da mutum bai sani ba, Mannir. Wanga ya sani. Hannunsa na da kyau, ban musa ba. Amma ba ni barin direbana cikin ɗaki da wayar da ya ɗaura ba na nan."

Aikin Kebbe ya zama na Mannir. Na Jabo kuwa, wani makanike aka ɗauko daga wani gari aka ba shi.

Darasi: Hassada ba ta rage wa wanda ake yi wa komai, mai yin ta take ƙonawa. Wanda kake ganin ya tsare maka hanya, wataƙila shi ne yake ambaton sunanka da alheri a inda ba ka nan. Kada son a ce ka fi wani ya sa ka yi aikin da ka san ba daidai ba ne, musamman inda ran mutum yake. Idan kana da abokin sana'a, tura masa wannan labari, ka kuma sanya shi a zaurukan da kake ciki don wasu su amfana.