Inda Ruwan Nomau Ya Bi

An yi wani mutum a wani gari, da can, ana ce masa Nomau. Wata rana gab da damina ya taho daga kududdufi da jaki a gaba. Jar ƙasa cikin mangala, diga, shebur, tulun ruwa. Ba wani abu.

Tsakar gidansa kwari ce. In ruwa ya sauka sai ya kwanta, ya yi ta cin gindin ɗakuna. Shi ya sa ya kira magini, Gambo, su yi ciko su ba ruwa hanya.

Gambo ya tuntsurar da tulun a ƙasa, suka tsaya suna kallo. Ruwan ya yi jim, sannan ya miƙe gabas. Gambo ya ce an gama: a tada yamma, a huda rariya a katangar gabas.

To, ku saurara. Bayan katangar nan ɗakin Baba Jatau ne, tsoho makaho, ginin ƙasa da ya riga ya tsage. Nomau ya faɗa wa Gambo haka.

"Ruwan Allah ne, Malam," in ji Gambo. "Kai ka aiko shi?"

"Ban aiko shi ba. Amma ni zan nuna masa hanya."

Gambo ya ce saura hanya ɗaya, ta kudu zuwa titi, kuma ɗakin Larai na tsaye a kai. Larai matar Nomau ce, ta rasu bara wajen haihuwa. Tun ranar Nomau bai taɓa komai a ciki ba. Tasoshinta na jere, zanenta na kan igiya. Gambo ya ce in aka bi nan, sai an rushe shi.

Nomau ya shiga ɗakin shi kaɗai. Ya daɗe. Ya fito da zanen a ninke, ya ja ƙyauren ya rufe.

"Gobe ka fara ta nan," ya ce. "Kada Baba ya ji."

Bai kuwa ji ba. Tsohon ya rasu bayan shekaru a busasshen ɗakinsa, bai taɓa gode wa kowa ba.

Jama'a, kawar da cuta daga gidanka ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka tura ta gidan wanda ba ya iya ganinta tana tahowa. In kun koma gida yau, kowa ya duba rariyarsa, ya ga gindin ɗakin wa take zuba.